A duba wayar eriya kafin a ɗora wa talabijin laifi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu karatu a kan wani abu da ya shafi sana'ata. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a cikin birnin Kano, tun lokacin da ake yayin talabijin mai doro har zuwa yanzu da ake rataya ta a bango. Abin da ke damuna shi ne yawan kuɗin da magidanta ke ɓarnatarwa wajen gyaran talabijin da lafiyarta ƙalau.

Da zarar iskar bazara ta fara, har zuwa tsakiyar damina, sai ka ga ana ta sauke talabijin da dikoda daga Adaidaita Sahu a ƙofar shago. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: hoto yana tsayawa, murya tana tsinkewa, ko tashoshi sun ɓace. In jona a eriyar shago, hoto ya fito tas. Ciwon an baro shi a gida, a jikin waya. In aka yi rashin sa'a aka faɗa hannun mai gyaran da ba ya tsoron Allah, zai kwance bayan akwatin, ya kaɗe ƙura, ya ce ya canza wani abu, ya karɓi kuɗi. Mutum ya koma gida ya tarar da matsalarsa tana jiransa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ba na ganin laifin mutane, domin alamun da suka sani ne suka canza. A da, in sigina ya yi rauni, ido yana gani. Hoto ya riƙa yayyafi, mai karanta labarai ya zama mutum biyu, sauti ya cika da shuuu. Sai a tura yaro waje ya juya gorar eriya, na ciki suna "ƙara kaɗan, ya yi, tsaya nan!" Tsarin dijital da gwamnatin tarayya ta fara ƙaddamarwa a Jos a watan Afrilun 2016, ya iso Kano a watan Nuwamban 2021, ba haka yake ba. Muddin sigina ya kai abin da dikoda ke buƙata, hoto garau ne. Ya gaza da ɗan kaɗan, sai hoton ya farfashe gida-gida, ya daskare, murya ta riƙa sarƙewa, daga nan allo ya nuna "No Signal". Wanda ya ga haka dole ya zaci na'ura ce ta ƙone.

Wayar eriya hawa huɗu ce. Akwai jan ƙarfe guda a tsakiya, shi ke ɗauko sigina. Sai farar roba, sai takardar goran ruwa da saƙar siraran wayoyi da ke kare siginar daga hayaniyar waje, sannan baƙar rigar da muke gani. Sili ɗaya tak na wannan saƙa in ya taɓa jan ƙarfen tsakiya a cikin filogi, ya isa ya kashe hoto gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da na fi cin karo da shi, kuma yakan faru ne in an fere wayar da reza cikin gaggawa aka murɗa kai ba a duba ba. Gyaransa bai wuce a yanke bakin wayar, a sake ferewa a hankali, a lanƙwashe saƙar baya, a sa sabon kai ba.

Na biyu shi ne ruwa. Ranar Kano tana gasa rigar waya har ta tsattsage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan farko ya biyo baya. Ruwa yana bin cikin waya a hankali, saƙar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata gari, jan ƙarfe ya yi kore ko baƙi. Na sha kwance filogi a bayan dikoda in ga danshi, alhali eriyar tana can saman kwano. Wayar da ta sha ruwa ba ta gyaruwa da shanya, sai dai a yanke har inda take da haske, ko a canza ta duka. In za a sa sabuwa, a naɗe mahaɗin waje da kyau, kuma a bar wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta shiga taga, domin ruwa ya ɗiga a waje.

Sai maganar haɗi. Waya ta gaza, a samo guntuwa a murɗa da hannu a naɗa salatif. Wasu har da wayar wutar lantarki suke ƙarawa. Wannan ba ya yi. An ƙera wayar eriya a kan ma'aunin ohm 75, kuma kowane murɗi, ko matsewar ƙofa, ko ƙusar da aka buga a kanta, yana ɓata wannan ma'auni. A nemi mai rubutun RG6, ta fi RG59 kauri da riƙe sigina, kuma kafin a biya a sa mai shago ya fere baki a ga saƙar. In ta yi sharashara, a bar masa kayansa.

Mutum zai iya gane inda matsalar take ba tare da ya kira kowa ba. A cikin dikoda akwai shafin da ke nuna layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinsa. Na ingancin shi ne abin kallo. A buɗe shafin, a ɗan motsa filogin da ke baya. In layin yana hawa yana sauka, an kama ɓarawo. In sai an yi iska yake rawa, eriyar ce ta yi sako-sako a kan sanda. In bayan ruwa ne kawai, danshi ne. In kuma wasu tashoshi suna nan wasu sun tafi, wannan ma sau da yawa waya ce, domin tashoshin da ke saman zangon UHF, wato zangon da ake watsa talabijin a kansa, sun fi saurin raunana a doguwar waya ko tsohuwa. Masu kwandon tauraron ɗan'adam su ma haka: dikoda tana tura wutar bolt 13 ko 18 ta wayar zuwa kan kwandon, kuma in tsatsa ta rage wutar, rabin tashoshi na iya ɓacewa.

A kan sauti ina so a fahimce ni da kyau. A dijital, hoto da murya tare suke zuwa. Saboda haka in hoto yana tafiya lafiya lau amma babu murya ko kaɗan, kada a wahalar da kai da hawa rufi. A duba wayar nan mai kai uku, rawaya na hoto, fari da ja na sauti, ko wayar HDMI, ko kuma a duba ko yara sun taɓa rimot. Muryar da eriya ke ɓatawa ita ce wadda ke tsinkewa daidai lokacin da hoto ke daskarewa.

Bosta kuwa, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ina ganin an ɗauke ta maganin komai, kuma ba haka ba ne. Abin da ta samu shi take ƙarawa, mai kyau da marar kyau. In wayar ta ruɓe, ba abin da za ta tsinana. Kusa da tashar watsa shirye-shirye ma tana iya cika dikoda da sigina har hoto ya lalace. Amfaninta shi ne a garuruwan da ke nesa, kuma a ɗaura ta kusa da eriya. Haka nan mai raba waya zuwa ɗaki biyu ya sani cewa kowane ɗaki kusan rabin sigina yake samu.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne rai. A unguwanninmu na cikin gari wayoyin lantarki suna wucewa dab da rufin gidaje, kuma yara ake turawa su ɗaga dogon bututun ƙarfe. Don Allah iyaye a daina. Babba ya hau, da rana, rufi a bushe, bayan ya ɗaga kai ya ga inda wayar wuta take. In hadari ya haɗo da tsawa, a zare wayar eriya daga bayan dikoda tun kafin ruwa ya sauko, domin kashe soket kaɗai ba ya tare abin da ya biyo ta sama.

Roƙona ga hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, da gidajen talabijin irin su NTA da ARTV shi ne su ware 'yan mintuna a mako su nuna wa jama'a, da Hausa, yadda ake fere waya a sa mata kai, da yadda ake karanta layukan sigina. Su ma gidajen rediyo su yi bayanin, tunda wanda hotonsa ya ɗauke ba zai ga na talabijin ba. Mu masu gyara a shirye muke mu zo da kayan aikinmu a ɗauka.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran rediyo da talabijin, Kano