Kafin a raba wa yara takalman taya a Kebbi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu yi magana da gwamnatin Jihar Kebbi, da 'yan majalisa masu ayyukan mazaɓu, da attajiranmu, kan samarin da ake gani da takalmin taya suna maƙale wa bayan Keke Napep a titunan Birnin Kebbi da Argungu. Korarsu ba ta hana su dawowa. Tseren takalmin taya wasa ne mai dokoki, da hukumarsa ta duniya, World Skate, kuma daga cikinsa Erin Jackson ta Amurka ta fito kafin ta ci zinare a tseren mita 500 na kan ƙanƙara a Gasar Olamfik ta 2022. Mu ba mu da ƙanƙara, amma daɓen siminti bai fi ƙarfinmu ba.

Abin da muke tsoro shi ne irin tallafin da aka saba: a sayo takalma hamsin, a kafa rumfa, a raba, a ɗauki hoto. Kafin damina ta zagayo rabi sun lalace, sauran an kai kasuwa. Ƙungiya ba ta rayuwa a haka.

Kuɗin farko na fili ne. Filin gasa na ƙa'ida zagayen mita 200 ne mai ɗagaggun kwanoni, wannan sai nan gaba. Mai koyo ya wadatu da daɓe mai girman filin ƙwallon kwando, mita 28 da 15. In an zuba kaurin santimita 10, kankare kubik mita 42 ke nan, lissafin da kowane birkila zai iya fitar wa da kuɗi. A goge samansa sumul da cokalin gini, a ba shi ɗan gangare na santimita ɗaya a kowace mita don kada ruwa ya kwanta, a yanka siraran layuka duk bayan mita uku ko huɗu domin in zai tsage ya tsage a nan, sannan a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai. Ɗan kwangila kan so ya kawo intalok saboda ya fi kyan gani. A ƙi. Kowace gaɓa tana cafke taya, yaro ya kife ta fuska. Inda makaranta ke da tsohon daɓe, faci da tsintsiya sun isa a fara, kuma tsintsiyar ba wasa ba ce: yashi kaɗan a kwana yana zame mutum kamar ya taka kuɓewa.

Takalman kuwa su zama mallakar ƙungiya, a rubuta wa kowanne lamba, a ɗauka da sa hannu a mayar da sa hannu. Ƙafa ashirin sun ishi yara arba'in in an raba su safe da yamma. Kada a ruɗu da takalmin zakaru mai gajeren wuya da taya milimita 110. Idon sawun mai koyo bai yi ƙwari ba, zai riƙa lanƙwashewa ciki. A fara da mai dogon wuya da taya 80 ko 84, sai wanda ya goge ya hau 90 ko 100. A duba jikin tayar a ga lambar tauri, wajen 85A ya dace da siminti. Mai arhar nan da tayarsa ke ƙara kamar ledar bokiti ba ta kama ƙasa ko kaɗan. Gwanjo mai kyau ya fi ta nesa ba kusa ba. Kowace ƙafa ta zo da hular kwano irin ta masu keke da makarin wuyan hannu, domin mai faɗuwa da tafin hannu yake tarar ƙasa, nan ne karaya ta fi yawa.

Ga inda masu bayarwa ke mantawa. Kowace taya boris biyu gare ta, lamba 608, wato 16 a ƙafa ɗaya ta takalmi (hagu da dama, taya takwas), 320 a ƙafa ashirin. Ƙurar hunturu na shiga ta haɗu da mai ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Ana ɓalle murfin da allura, a wanke da kananzir, a bari ya bushe sarai, a ɗiga man keken ɗinki sau biyu. Giris mai kauri yana kashe gudu. Akwai ɗan bututun ƙarfe tsakanin boris biyun, in ya ɓata aka ɗaure kusa, taya ta cije. Kuma da yake hagu ake zagayawa kullum, tayoyi gefe ɗaya suke cinyewa, sai an riƙa musanya ta ɗaya da ta uku, ta biyu da ta huɗu, ana juya fuskarsu. Don haka duk naira ɗari da aka ware, a ajiye ashirin don kayan gyara na shekara, a kuma yanka wa mai koyarwa alawus na wata. Wanda ke koyarwa kyauta ranar da ya samu aiki ya tafi.

A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a nan, sai a tsayar da atisaye bayan asuba da bayan la'asar, da randar ruwa a gefe. 'Yan mata a ware musu rana a makaranta mai katanga da mace mai koyarwa, in ba haka ba iyaye ba za su bari ba, kuma da gaskiyarsu.

Rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, na buƙatar amintattu da sanarwa a jarida, tana cin kuɗi da lokaci. Sabuwar ƙungiya ta fara a ƙarƙashin wata makaranta, da asusun banki mai sa hannun mutum biyu. Muna roƙon a gwada da uku kacal, Birnin Kebbi da Argungu da Yauri, a saki kuɗin kashi biyu. Kashi na biyu ya fita bayan wata shida, in an kawo littafin halartar yara, an kuma ƙirga takalma ashirin a gaban mai bayarwa.

Wassalam.

Wasu masu koyar da wasan takalmin taya,
Birnin Kebbi