Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kumasi baki ɗaya. Saƙonka na ta'aziyya ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Ranar da ka kira gidan cike yake da masu gaisuwa, ko jin ka ban yi sosai ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka.

Gwaggo ba ta yi doguwar jinya ba. Hawan jinin nan ne da ka sani ya kwantar da ita, ranar Talata da asuba mai abu ya karɓi abinsa. Da hantsi aka yi mata salla a ƙofar gida, muka kai ta Ɗandolo, can Goron Dutse. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ka san Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Amma wallahi a zaman makokin nan mai gaisuwa sai ya shigo ya rasa wa zai fara yi wa ta'aziyya. Ga mu da ta riƙa, ga matan da ta aurar daga ɗakinta, kowacce da 'ya'yanta har da jikoki. Wani bawan Allah mai furfura ya zo daga Haɗeja yana sharar hawaye, babu wanda ya gane shi. Ashe almajirin gidan ne tun lokacin farin 1973, da yunwa ta koro mutanen karkara cikin birni. Ya ce kwanonsa bai taɓa fita daga gidanmu babu tuwo ba.

Ni dai daga yaye aka kai ni ɗakinta. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a gidanmu. Mahaifiyata kuwa, da yake ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kamawa, har na yi wayo ina ɗaukar ta wata baƙuwa mai kunya. Da aka buɗe makarantun UPE, na firamare kyauta, a 1976 Baba ya ce shi ɗansa allo zai yi kawai, Gwaggo ba ta yi musu da shi ba. Gari na wayewa ta ɗauki mayafi ta ja hannuna. A ajin nan muka haɗu da kai, ka ga kai ma tana da hannu a kanka.

Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi mana komai. Ka tuna yadda take aiken mu Kasuwar Rimi sayo gyaɗa, mu kai niƙa, kai kuma kana fakon tunkuza? Tana ganin ka, ba ta dai magana ne.

Ita ce uwar adashen unguwa, kuma saboda adashen nan ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure, bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980. Ta ce ba ta son wani ya riƙa karanta mata lissafin kuɗin mutane. Ni nake duba mata aikin gida, in ta yi kuskure na yi dariya in sha ranƙwashi. Da aka yi canjin kuɗi a 1984, kwanakin da aka bayar ƙalilan ne, ga zubin mata fal cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Ta tasa Baffa gaba suka yi ta bin layin banki har aka canja, ko kwabon kowa bai yi ciwon kai ba.

Yanzu da an ce riƙo sai mutane su ɓata fuska, kuma ban ga laifinsu ba, mun ga yaran da aka mayar bayi a gidan dangi. Sai dai ba na yarda a yi wa kowa kuɗin goro. Gwaggo ta san ɗan riƙo ba ya gado, ta kuma san tunda Baffa yana raye ni ma ba ni da kaso. Tun da ƙarfinta ta raba wa matan nan kwanukanta da keken ɗinki, hannu da hannu. Sauran ta yi wasiyya a gaban shaidu, ba ta haura sulusi ba. Malamin da ya zo rabo ko shayinsa bai huce ba aka gama.

A littafin lissafin adashen nan nata muka tarar da bashin da ake bin ta, da rubutunta mai karkacewa, kuma har da sunanka. Wai kuɗin da ka aiko a ba masu gyaran rufin ɗakinta ya yi saura, ba ta samu mai zuwa wajenku ba. Yana hannuna. Ka gaya mini ko in turo maka, ko in zuba a sadakar arba'in, don ba na son ya kwana a wuyanta.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka zo gida.

Naka har kullum,
Amininka