Kek ɗin gida tun daga kasuwa yake gyaruwa ko ya lalace

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana mata, da mazajen da ake aika kasuwa, a kan gashin kek a gida. Duk shekara in Sallah ta matso sai ka ji uwargida tana cewa ita ta haƙura, kek ba ya yi mata kyau saboda ba ta da obin, gara ta ba da kuɗi a yi mata. Wannan magana tana damuna, domin mafi yawan kek ɗin da ke lalacewa a gidajenmu ba obin ne ya rasa ba. Kayan da aka sayo da yadda aka auna su ne suka kashe shi tun kafin ya ga wuta. Gashi ba tare da obin ba kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ga masu gurasa nan a Jakara suna gasawa a tanderu tun kaka da kakanni.

Ga awon da ba ya ba da kunya: bota giram 250, wato leda ɗaya ta irin Simas, sukari giram 200 zuwa 250, ƙwai 5 madaidaita, fulawa giram 250, bekin foda ƙaramin cokali 2 a shafe, gishiri ɗan mitsitsi, da filebo rabin ƙaramin cokali. Ma'anarsa dai bota da sukari da ƙwai da fulawa nauyinsu ya zo kusan ɗaya. Wannan zai cika gwangwanin gashi mai faɗin inci 8, ko ya ba da ƙananan kek 16 zuwa 20.

Wadda ba ta da sikeli tana iya awo da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, amma ta san cewa gwangwani cika yake aunawa, ba nauyi ba. Gwangwani ɗaya na fulawa a shafe bai wuce giram 90 ba, na sukari kuwa ya kai kusan 140. Saboda haka fulawa gwangwani uku, sukari ɗaya da rabi. Masu zuba uku da uku su ne kek ɗinsu ke yin ɓawo mai danƙo a sama, tsakiya ta zauna. A tankaɗe fulawar tukuna, a zuba ta cikin gwangwani da cokali, a shafe bakin da bayan wuƙa. In aka dumbuzo ta kai tsaye daga leda aka danna, an ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba a sani ba, kek ya fito da tauri yana shaƙe mutum. Ƙaramin sikelin kicin mai batir ya fi kowane kayan ado da za a saya amfani, kuma ana samunsa a Sabon Gari wajen masu kayan kek.

Inda aikin yake shi ne bugun bota da sukari. Abin da ke sa kek laushi iska ce da ke shiga cikin bota yayin bugu, bekin foda kumbura wannan iskar kawai yake yi. Da muciya ana buƙatar minti 15 zuwa 20, da na'urar bugawa kamar 5, har haɗin ya tashi daga rawaya ya koma fari-fari, ya yi sakayau. Botar ta kasance mai laushin da yatsa zai lotsa ta amma ba ta narke ba. A nan yanayinmu yake shigowa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano, bota tana zama mai tun a hanya, kuma narkakkiyar bota ba ta riƙe iska ko an kwana ana bugu. Sai a yi kwaɓin da sassafe, a ɗora kwanon a cikin wani babba mai ruwan sanyi. Da hunturu kuma akasin haka ne: bota ta daskare, ƙwai ya yi sanyi, da an zuba shi sai haɗin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Maganinsa a jiƙa ƙwan da ɓawonsa a ruwan ɗumi na minti 10, a riƙa sa shi ɗaya bayan ɗaya ana bugawa, in an ga alamar tsinkewa a barbaɗa cokali ɗaya na fulawar. Kowane ƙwai a fasa shi a kofi daban kafin ya shiga kwaɓi, don bara-gurbi guda ya isa ya jawo asarar komai.

Da zarar fulawa ta shiga, bugu ya ƙare. A haɗa ta da bekin foda a tankaɗe, a zuba kashi uku, ana juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama har farin ya ɓace, sai a tsaya. Ci gaba da bugu yana tayar da danƙon alkama, kek ya koma burodi mai ramuka. In kwaɓin ya yi kauri har ba ya saukowa daga cokali, a sa madara cokali biyu ko uku. Sannan kada a kwaɓa a ajiye a tafi hura wuta, domin bekin foda yana fara aiki tun da ya ji danshi. Wuta ce ke jiran kwaɓi.

Game da gashi a tukunya, a sami babbar tukunya mai kauri da murfin da ke rufewa ruf. A zuba wankakken yashi busasshe, kaurin yatsu biyu, a ɗora 'yan duwatsu uku ko wani ƙarfe yadda gwangwani ba zai taɓa yashin ba. A rufe, a bar ta a wuta minti 15 kafin kek ya shiga. Zafin da ake nema digiri 170 zuwa 180 ne, kuma ana gane shi ba tare da na'ura ba: a sa ɗan garin fulawa a murfin gwangwani a ajiye ciki. In ya yi ruwan zuma cikin minti 5, wuta ta yi daidai. In ya yi baƙi, ta yi yawa, in yana nan fari, da saura. Mai kurfoti ta rage gawayin ƙasa ya zama kaɗan, ta kwashi garwashi ta baza a kan murfi, na sama ya ɗan fi na ƙasa, tunda ƙonewar gindi ita ce babbar cutar gashin tukunya. Mai gas ko risho ta sa wutar can ƙasa, ta kuma lura da gumin da ke taruwa a cikin murfi yana ɗiga a kan kek. Ana naɗe murfin da tsumma mai tsabta a ɗaure shi ta sama sosai, nesa da harshen wuta.

A shafe gwangwani da bota, a barbaɗa fulawa a kakkaɓe, a cika shi kashi biyu cikin uku kawai. Ƙananan kek minti 18 zuwa 25 suke ɗauka, babba 45 zuwa 55. Babba kada a buɗe shi kafin minti 30, komai ƙamshin da ke tashi, saboda iska mai sanyi tana shiga tsakiyar da ba ta kama ba ta rufta. A soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba kwaɓi ya nuna. Kek ɗin da ya tsage ya yi tozo a sama, wuta ce ta yi yawa, bayansa ya bushe cikin bai gama tashi ba. Wanda ya tashi sosai sannan ya faɗa, yawan bekin foda ne. Mai ɗanɗanon sabulu kuwa an sa bekin soda ne a maimakon bekin foda, alhali soda sai da abu mai tsami kamar kindirmo take aiki daidai. Bayan an sauke a bar shi minti 10 a gwangwani, a juye, ya huce sarai kafin a ƙulle a leda. Wanda aka rufe da ɗuminsa yana gumi, kwana biyu sai fumfuna. Shi ya sa cincin da dubulan ake fara yi, su da ke ɗaukar makonni, kek kuma a bar shi sai ana jibi Sallah.

Sai sayayya, wadda nake ganin a nan aka fi cutar kai. Kasuwar Singa ita ce cibiyar sarin kayan masarufi a Kano, kuma bambancin farashinta da na shagon unguwa a bayyane yake, amma ribar ta mai saye da yawa ce. A yi lissafi: kiret ɗaya na ƙwai, wato 30, yana yin kwaɓi shida, wanda zai ci bota leda shida, fulawa kilo ɗaya da rabi, sukari kusan haka. Ke nan gida ɗaya ba ya buƙatar buhun fulawa mai kilo 50, in ya saya ma ƙwari ne za su cinye ragowar. Amma gida goma in suka yi karo-karo, kowa ya tashi da kilo 5, a raba katan ɗin bota, a raba kuɗin mota da na ɗan dako. A raba da sikeli a gaban kowa, don kwano yana jawo ƙananan maganganu tsakanin maƙwabta. Fulawa da sukari da bota a saye su tun kafin azumi ya raba, kafin kasuwa ta cika farashi ya ɗaga. Ƙwai ne kaɗai ake bari sai ƙarshe.

Kada a saya a shagon farko. A tambayi farashi a wuri uku, a faɗi yawan da ake so tun farko don a ji kuɗin sari. A kayan kamfani ragin da ake samu kaɗan ne, saboda ribar ɗan kasuwa a kan buhu ba ta da yawa, wanda ya taya rabin kuɗi albarka kawai zai ji. Inda ciniki ke tafiya sosai shi ne gwangwanayen gashi, robobi, leda da kayan ƙamshi. Kuma araha mai yawa abin tuhuma ce. A duba ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC a jikin bota da bekin foda da madara, tunda kayan da suka kusa ƙarewa su ake karyarwa. Fulawar awo a shinshina ta, in tana warin danshi ko ta yi ƙulalai a bar ta. Botar da ake yankowa daga bokiti a ɗanɗana, in tana maƙaƙi ta tsufa. Botar shafa burodi mai laushin nan ruwa ya yi mata yawa, ba ta gashi ba ce. Bekin foda a sayi ƙaramin gwangwani, a gwada rabin cokali a ruwan zafi: in bai yi kumfa nan take ba ya mutu. Ƙwai kuma a sa shi a ruwa, sabo yana kwanciya a ƙasa, tsoho yana tasowa.

Ga waɗanda ke shigowa daga Wudil, Bichi, Gwarzo ko Kazaure, ina ba da shawarar kada ranar ta ƙare a tsakanin buhuna. Tunda an riga an biya kuɗin mota, a taho da yara su ga birni. A iso da wuri a fara da Dutsen Dala kafin rana ta yi zafi, daga samansa ana ganin tsohon birni a shimfiɗe. Daga nan a hau adaidaita sahu zuwa Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, ginin da ke da alaƙa da Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne mai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotuna. Marinar Ƙofar Mata ba ta da nisa, yaro zai ga yadda ake tsoma farin ƙyalle a baba ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gabansa. A yi ciniki da mai adaidaita kafin a hau, a riƙe canji a hannu don ba ko'ina taransfa ke tafiya ba.

Kasuwa ita ce ta ƙarshe, bayan azahar, don kada a yi ta yawo da bota a rana da ƙwai a cinya. Wanda ya fi son ya yi sayayya da safe kafin cunkoso, ya biya ya karɓi rasit ya bar kayan ajiya a shagon, ya rubuta lambar shago da ta wayar mai shi. A guji Juma'a saboda rufe shaguna lokacin masallaci da cunkoson hanya, Lahadi kuma shaguna da dama a Sabon Gari ba sa buɗewa. Wajen loda kaya, ɗan dako ya tafi a gaba ana ganinsa, fulawa kada ta kwanta kusa da jarkar fetur ko kalanzir ko sabulu a bayan mota domin tana ɗaukar wari, bota a sa ta ƙarƙashin kujera inda rana ba ta bugu, kiret ɗin ƙwai kuma a ɗaure shi da wani kiret ɗin a kife a sama, a riƙe shi a hannu.

Malam Edita, ina roƙon shafin girke-girkenku ya riƙa ba da awo da giram tare da gwangwani, ya kuma faɗi minti nawa da irin wutar da ake so, maimakon a rubuta a zuba fulawa daidai misali. Na gode da wannan fili.

Wassalam,
Wata mai sana'ar kek, Gwale, Kano