Zuwa ga ɗana, a kan amanar jiki

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, alhamdulillahi.

Yanzu kai ke riƙe da kanka, ba mai tambayarka me ka ci, me ka sha. Shi ya sa na zauna na rubuto maka. Iyakokin da addini ya sanya wa jiki, saurayi ba ya ganin ribarsu. Wanda ya kiyaye da wanda ya yi biris, duk garau suke yawo a shekara 25. Sai an haura 50 ake gane bambanci. Cikin sa'o'ina akwai wanda har yau yake tsayuwar tarawihi tun daga farko har a sallame, ya miƙe daga sujada ba nishi. Akwai kuma wanda tari ke tayar da shi kafin ladan, irin tarin nan mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ɗan hawan bene sai ya tsaya ya dafa bango.

Giya ka san hukuncinta a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma Manzon Allah (SAW) ya toshe ƙofar "ɗan kaɗan ne": abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ƙwaya da duk wani kayan maye nan suka shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi ajalin mutum miliyan 2.6 a 2019 kaɗai. Hanta ba ta da ƙorafi, sai ta gama lalacewa mai ita yake sani.

Za ka haɗu da masu cewa ai ba a ambaci taba a Alƙur'ani ba. Karanta musu aya ta 195 a Baƙara, wadda ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. An bi diddigin likitocin Birtaniya daga 1951 har shekara 50, aka samu mashayin da bai daina ba yana rasa kusan shekara 10 na rayuwarsa. Shisha ma kada ƙamshinta ya ruɗe ka, ruwan nan ba ya tace gubar.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne ciki, domin nan ne masu kiyaye addini ma suke sakaci. Mutum ya guji giya iyakar ransa, amma ya ci har numfashi ya gagare shi, a Ramadan ma ya zauna wa buɗe baki kamar mai ramuwar gayya. Alhali Suratul A'araf ta ce a ci a sha, kada a wuce iyaka, Annabi kuma ya raba mana ciki kashi uku: abinci, abin sha, numfashi. Teɓa da ciwon suga da hawan jini sau da yawa ta wannan ƙofa suke shigowa, a hankali, shekara bayan shekara.

Ba mu kaɗai ba ne ma. Kiristocin Adventist na jihar Kalifoniya a Amurka, waɗanda addininsu ya hana su taba da giya, wani bincike na 2001 ya nuna mazansu sun fi sauran mazan jihar tsawon rai da kusan shekara 7.

Sai dai kada ka ɗauke shi ciniki da Ubangiji. Annabi Ayuba ma ya yi jinya, ajali kuma na Allah ne. Ka kiyaye don an umarce ka, lafiyar ta biyo baya. In ciwo ya zo, ka nemi likita da wuri, ka sha magani yadda aka rubuta maka. Ka riƙa zuwa ana auna maka jini da suga ko da kana jin ƙalau.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka