Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin ya sa hannu

Assalamu alaikum, Sani.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mahaifiyarka ta shaida mini cewa tun da ka ajiye kaki wani kamfanin tsaro ke zawarcinka zuwa Iraƙi, albashi da dala. Na san nauyin da ke kanka, ga haya ga kuɗin makarantar yara, ban ga laifinka ba. Amma tun da na ji maganar barci ya ƙaurace mini.

Ka san na tsare shinge a Laberiya lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Wata rana da magariba wata mota ta nufo mu a guje, yatsana na kan kunamar bindiga, sajanmu ya daka mini tsawa in dakata. Da motar ta tsaya sai ga mace tana naƙuda a kujerar baya, mijin duk ya ruɗe, gumi ya jiƙe masa riga. Har gobe in na tuna gabana faɗuwa yake. Abin da ya riƙe hannuna ran nan, bayan kiyayewar Allah, sajan nan ne da sanin cewa kotun soja na jirana in na kuskure. To, ɗan kamfani wa zai daka masa tsawa?

Ran 16 ga Satumba, 2007, masu gadin wani kamfanin tsaro na Amurka mai suna Blackwater suka buɗe wuta a dandalin Nisur da ke Bagadaza. Mutum 17 suka mutu, har da yaro ɗan shekara 9 a cikin motar mahaifinsa, da wani ɗalibin likitanci tare da uwarsa. Kotun Iraƙi ba ta iya taɓa su ba, domin a 2004 Paul Bremer, kantoman da Amurka ta naɗa, ya sa hannu a Doka ta 17 wadda ta kare irin waɗannan ma'aikata daga shari'ar ƙasar. Aka kai maganar Amurka. A ƙarshen 2009 alƙali ya kori ƙarar, aka ɗaukaka, aka dawo. Sai a 2014 aka kama mutum huɗu da laifi, bayan iyayen mamata sun tsallaka teku sun ba da shaida. Ɗaya ya samu ɗaurin rai da rai, uku shekara 30 kowannensu, daga baya aka sassauta wa ukun. A Disambar 2020 Shugaba Trump ya yi musu afuwa baki ɗaya. Ni uba ne, ina tuna mahaifin yaron nan, shekara 13 yana jiran hakkin ɗansa.

Wani zai ce maka ai ka ga sun sha. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Inda mutum ya san ba mai tuhumarsa, nan hannu ke saurin kai wa kunama, kuma jinin da kotu ta yafe yana nan a wuyan mai shi har gaban Allah.

Sannan ka duba naka matsayin. Waɗancan 'yan Amurka ne, suna da lauyoyi da shugaban da zai tuna da su. Tun farkon 2009 aka cire wa 'yan kwangilar Amurka waccan kariya, ke nan in tsautsayi ya faɗa, gaban alƙalin Iraƙi za ka tsaya, kai da ba ka jin Larabcinsu. Kamfanin Blackwater kuwa ya canza suna, ya koma Xe, ya koma Academi, ya ci gaba da cin kasuwarsa.

Ban ce na hana ka ba, kai ma yanzu magidanci ne. Roƙona kada ka sa hannu sai ka kawo takardar gida mun kai wa lauya. A nuna mana a rubuce wa ke ba da umarnin harbi, kotun wace ƙasa ce za ta yi maka shari'a, wa zai biya lauyanka, kuma wa zai dawo da kai in abu ya ɓaci. In sun yi ta kwana-kwana a kan ko guda, ka mayar musu da takardarsu.

Ka zo ran Juma'a in Allah ya kai mu, ka taho da yaran. Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.