Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiyarmu ta masu duba tsuntsayen bakin teku a Akra

Assalamu alaikum iyayenmu malamai, alhazai da hajiyoyi, da sauran 'yan uwa maza da mata na Nima, Mamobi, Sabon Zongo, Fadama da Madina. Kamar yadda muka saba, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da abin da aka yi a shekarar da ta ƙare. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi da bakinsa a babban taro.

Mafi yawan fitarmu ta bana tafkin Sakumo muka yi, wanda ke gefen titin bakin teku bayan an wuce Nungua, dab da shiga Tema. Wanda ya tsaya a kan titin yana hango manyan ƙarafunan sauke kaya na tashar jiragen ruwan Tema, wadda aka buɗe a 1962, ga kuma tafkin shimfiɗe a ɗaya hannun. Tun 1992 aka sa Sakumo cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare fadamu, ke karewa, tare da bakin kogin Densu, da Songor, da Keta, da Muni-Pomadze. Mukan tashi bayan sallar asuba don mu riga rana isa, saboda idan hantsi ya ɗaga, hasken da ke tasowa daga ruwa ba ya barin ido ya tantance komai.

Baƙin tsuntsaye sun fara sauka tun ƙarshen Agusta, suka yi yawa a Satumba da Oktoba. Akwai ƙananan nan masu launin toka da ke tsere da igiyar ruwa a kan yashi, waɗanda can ƙasashen ƙanƙara irin su Girinlan suke ƙyanƙyasa, da mai dogon baki lanƙwasasshe da ke zaro ƙaguwa daga rami, da mai dogayen ƙafafu jajaye siri-siri. 'Yan gida kuwa, zalɓe da balbela da kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa, suna nan. Abin da ya fi ɗaukar hankalin sababbin shiga shi ne baƙin zalɓen nan ƙarami. Yakan yi taku biyu uku cikin ruwa mara zurfi, sai farat ɗaya ya ware fukafukai ya lulluɓe kansa kamar lema, 'yan kifi su ruga cikin inuwar, shi kuwa ya cafke. Wata hajiya daga Mamobi, da jikanta ya ja ta zuwa, ta riƙe madubin hangen nesa ta ƙi saki har tsuntsun ya tashi. Ita ce yanzu ke dafa mana kokon fita.

Sai dai labarin Sakumo ba mai daɗi ba ne gaba ɗaya, kuma wajibi ne mu faɗa muku. Inda muka saba tsayawa muna ƙirga kirinjijiya a gefen tafkin, yanzu an zuba jar ƙasa da ɓaraguzan gini, an ja katanga. Hukumomi sun sha rushe gine-gine a wurin, amma ana komawa. Ciyawa ma tana cinye buɗaɗɗen ruwan, saboda dattin da magudanai ke kwararowa da shi taki ne a gare ta. Tsuntsun da ya keta hamada da teku don ya sami laka mai tsutsa, idan ya tarar da siminti ba shi da wanda zai kai wa ƙara. A ganin kwamiti, wannan ne ya sa littafin ƙirgarmu ya fi duk abin da muka mallaka daraja. Duk fita ana rubuta rana da sa'a da yanayin ruwa da abin da aka gani, a tsaye a wuri guda. Magana ta fatar baki cewa da tsuntsaye sun fi haka yawa ba ta motsa jami'i. Rubutu na shekara da shekaru shi ake saurara. Mun yi ƙirgar watan Janairu daidai lokacin da ake ƙirgar tsuntsayen ruwa a duniya, kuma an kwafe littafin cikin kwamfuta don kada ruwan sama ko gara su yi mana ɓarna.

A yammacin Akra kuma mun je bakin Densu, ƙasa da madatsar Weija, inda ake haƙar gishiri. Ana neman izini a ƙofa kafin a shiga, kuma mun nema an ba mu. Nan ne matattarar fararen tsuntsayen teku masu tsagaggiyar wutsiya, waɗanda muke kira tsattsewar teku. Da la'asar sukan dawo daga kamun kifi su jeru a kan gaɓar kududdufan gishiri, dukansu suna fuskantar iska. Cikinsu akwai wata iri da ƙirjinta ke yin ja-ja lokacin aure, wadda ke zuwa daga Ailan da Birtaniya. Saboda ita aka fara aikin ceton tsuntsayen bakin teku a Gana a tsakiyar shekarun 1980, ƙarƙashin Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu, lokacin da yara ke ɗana musu tarko a kan yashi da ɗan kifi. Aikin nan shi ya farfaɗo da ƙungiyar kare namun daji ta Gana, wato Ghana Wildlife Society. Mun ba yaranmu wannan tarihi dalla-dalla, domin danƙon harbi bai bar hannun yaran zango ba har yau.

Jamestown, unguwar masunta a cikin Akra, ba ta ba mu iri da yawa ba, amma ita ce mafi sauƙin zuwa ga wanda kuɗin motarsa bai taka kara ya karya ba. Daga gindin hasumiyar fitila ana ganin tsattsewar teku na bin kwale-kwale idan masunta sun dawo, shirwa da hankaka na jiran abin da za a zubar. Ranar Talata masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku, saboda haka kada kowa ya sa fita ran nan. Sabuwar tashar masunta da aka buɗe a 2024 ta sauya fasalin bakin ruwan, muna kuma lura da inda tsuntsayen za su koma sauka.

Tafkin Korle kuwa, mun tsaya a kan gada mun duba, balbela ce kawai ke tsintar abinci a kan tarin leda. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Babban kwalbatin Nima cikin kogin Odaw yake zubewa, Odaw kuma cikin Korle, Korle cikin teku. Ledar ruwan da aka jefa a bayan gidanmu ita ce muke tararwa a can. Ba wanda ya manta ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Circle, wato shatale-talen Kwame Nkrumah, da rayukan da aka rasa, Allah Ya jiƙansu. Don haka ranar 2 ga Fabrairu, ranar fadamu ta duniya, ba mu je bakin teku ba, muka yi aikin gayya na yashe kwalbati a unguwa. Muna godiya ga sarakunan zango da limaman da suka yi shela a masallatai, da matasan da suka kawo shebur da baro.

Mun kuma zagaya makarantun Islamiyya a watan Oktoba, lokacin ranar tsuntsaye masu ƙaura. Wani malaminmu ya fara da ƙissar Annabi Sulaiman da alhudahuda, daga nan muka nuna hotuna. Yara sun tambaya me ya sa ba a ganin ungulu a mayanka kamar yadda iyayensu ke faɗa. Tambaya ce mai nauyi, domin tun 2015 aka sa ungulun nan tamu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Kwamiti na ba da shawarar a buɗe mata shafi na musamman a littafin ƙirga, duk wanda ya gan ta a kasuwa ko mayanka ya aiko da rana da wuri ta WhatsApp.

Madubin hangen nesa har yanzu bai ishe mu ba, yara da yawa ke layi a kan guda. Duk ɗan uwan da ke da dangi a Turai ko Amurka ya yi musu magana, ko tsoho ne muna so. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro. Za a kuma zaɓi mutum biyu, namiji da mace, da za su riƙe ƙirgar Densu, saboda wanda ke riƙe da ita ya koma Kumasi da aiki. Fitar farko ta sabuwar shekara Sakumo ce, a haɗu a tashar motocin haya (turoturo) ta Nima bayan asuba, kowa ya zo da hula da ruwan sha.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa