A riƙa faɗin yadda aka yi, ba a tsaya ga barka kawai ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana kan wata ɗabi'a ta ƙungiyoyin marubuta, wato sanar da juna duk lokacin da aikin wani ya samu shiga mujalla ko ya fito a littafi. Ɗabi'a ce mai kyau ƙwarai, domin wanda ya daɗe yana fama da alƙalami shi kaɗai ya cancanci a taya shi murna. Abin da ke damuna shi ne, sanarwar takan tsaya ga hoton bangon littafi da jerin addu'o'in Allah ya sanya alheri, alhali na baya, waɗanda rubutunsu ke ajiye ba su san inda za su nufa da shi ba, ba su ƙaru da komai ba.

A ganina, wanda aikinsa ya fito ya kamata ya fara bayyana ta wace hanya ya fito. Akwai kamfanin wallafa da ke karɓar rubutu ya tace shi, ya ɗauki nauyin gyara da bugawa da rarrabawa, sannan ya riƙa ba marubuci kasonsa daga ciniki. Akwai kuma marubucin da ya kai aikinsa maɗaba'a ya biya da kuɗinsa, wanda ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Sai kuma masu kiran kansu mawallafa, su karɓi kuɗin marubuci, su sa shi hannu a takardar da ta mallaka musu aikin, daga nan littafin ya kwanta. Idan duka ukun aka sanar da su da kalma ɗaya, cewa an wallafa, sabon shiga ba zai iya bambancewa ba, kuma shi ne zai faɗa hannun na ukun.

Batun yarjejeniya tsakanin marubuci da mawallafi shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi yin shiru a kansa. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan kare haƙƙin marubuta, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka amince da ita, haƙƙin mallaka na marubuci ne ba tare da sai ya yi rajista ba, kuma kariyar tana ɗorewa aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Haƙƙi mai irin wannan tsawon rai, wanda magada za su ci moriyarsa, bai kamata a sarayar da shi cikin zumuɗin ganin suna a bango ba. Wanda ya riga ya sa hannu zai iya gaya wa 'yan'uwansa tsawon shekarun da ya ba kamfani izini, da ko izinin ya haɗa da fassara da mayar da labarin fim, da kuma sharaɗin da zai dawo masa da haƙƙinsa idan littafin ya ƙare a kasuwa aka ƙi sake bugawa. Ba sai ya faɗi nawa aka biya shi ba.

Haka nan a ambaci lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, wadda ta koma mai alƙaluma 13 tun 2007, da sunan wanda aka yanke wa ita, a kuma tuna cewa bugun takarda da na intanet kowanne da lambarsa. Yana da kyau kuma masu gajerun labarai su san cewa mujallu da gasanni da yawa ba sa karɓar abin da aka riga aka baza a Facebook, domin suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya taɓa fitowa.

Ina kuma fatan a daina ɓoye labarin wuraren da suka mayar da aiki kafin a dace, saboda jin hakan yana hana matashi karaya idan nasa ya dawo.

Daga ƙarshe, ina roƙon jaridarku ta ware ɗan gurbi a shafin adabi, inda ƙungiyoyi za su riƙa aiko da sababbin ayyukan mambobinsu, tare da sunan mawallafi da lambar littafi da inda mai karatu zai same shi.

Naku,
Wani ɗan ƙungiyar marubuta